Hurumin da Ba Shi da Katanga: Daga Garwa zuwa Gandun Binuwai



A watan Janairu na shekarar 2022, lokacin da Garwa ta karɓi baƙuncin wasu daga cikin wasannin cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka, gidaje da yawa a garin nan sun cika da 'yan'uwa daga Yola da Mubi da Kano, domin kuwa a filin Rumde Ajiya ƙungiyar Nijeriya ta buga wasanninta. Ni ma na sami nawa rabon: ɗan ƙanwata ya sauka a gidana daga Kano, saurayi mai ladabi, wanda ya daɗe yana tuƙi a cikin cunkoson birni har yana ganin babu hanyar da za ta gagare shi. Bayan da Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema a ranar 11 ga wata, sai ya ce da ni: "Kawu, akwai kwanaki kafin wasa na gaba. Ina so in ga dorina da idona."

Muka nemi motar haya a cikin gari. Al'adar nan ita ce a ba ka mota tare da direbanta, amma yaron ya nace shi zai tuƙa, ya ajiye kuɗin jingina, ya sa hannu a takardar da aka rubuta da Faransanci, wadda ba ya ji, ni kuma ban tsaya na karanta masa ba. Wannan shi ne kuskurenmu na farko, kuma nawa ne.

Bayan sallar Asuba muka tashi. Hunturu ya rufe Kogin Binuwai da hazo, daga kan gada muna hangen masunta cikin kwalekwale kamar inuwa. Muka miƙa kudu bisa babbar hanyar da ta haɗa Garwa da Ngaundere, mai tsawon kusan kilomita 280, muka biya kuɗin hanya dala ɗari, watau sefa 500, muka wuce Ngong da kasuwarta, muka wuce tarin audugar da manoma suka jibge a bakin ƙauyuka suna jiran awo. A shingen jandarmomi aka duba lasin da takardar mota da ta inshora, aka sallame mu. Da muka wuce mararrabar Gijiba, inda hanyar Colire ta rabu zuwa gabas, gidaje suka ragu, daji ya yi kauri, gwaggon biri suka fara tsallaka kwalta ba tare da sun kula da mu ba.

Abin da baƙo ba ya sani shi ne, a wannan yanki hanyar da yake kai ita ce iyaka. Hagu da ita, ga mai tafiya kudu, Gandun Dajin Binuwai ne, wanda aka keɓe tun 1932, aka mai da shi gandun ƙasa a 1968, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren da take karewa a 1981. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,800 ne, kogin ya zame masa iyaka ta gabas, sa'an nan yankunan farauta da gwamnati take bayarwa haya sun kewaye shi. Duk wannan fili ba shi da katanga ko waya. Itacen da ke ciki irin na waje ne, ciyawar ma ɗaya ce, amma dokar da ke kansu ta bambanta.

Wayar yaron ta nuna masa wani siririn layi da ya ratsa daji ya nufi kogi, ta ce ya fi kusa da ƙofar da na sani. A bakin hanyar akwai wani allo mai zagaye, fari da jan baki, babu rubutu a cikinsa. Ya ce: "Kawu, rana ta cinye lambar da ke ciki." Na yi shiru, alhali kuwa na san wannan allo tun ina koyon tuƙi: haka aka yi shi, fanko, kuma ma'anarsa ita ce an hana kowane abin hawa shiga. Amma wanda ya ƙosa ya isa wuri, idonsa kan ga abin da yake so ne kawai.

Ba mu yi nisa ba hanyar ta tsuke, ƙaya ta riƙa kartar jikin mota, wayar kuma ta rasa layi. Muna neman inda za mu juya sai ga masu gadin gandu a gabanmu, da bindigogi a kafaɗa. Babbansu ya yi mini sallama cikin Fulatanci, da ya ji harshen yaron sai ya koma Hausa: "Baba, kun san inda kuke?" Ba su ɗaga murya ba, amma sun buɗe bayan mota, sun duba ƙarƙashin kujeru, sun tambayi dalilin da ya sa baƙo daga wata ƙasa, cikin motar da ba tasa ba, zai kauce wa ƙofa ya bi ta bayan gida.

Tambaya ce da ta dace, ga wanda ya san tarihin wurin. A farkon 2012 mahara bisa dawakai sun shiga Gandun Buba Njida, gabas da nan, suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haurensu. Binuwai kansa yana fama da mafarautan sata da masu haƙar zinariya a bakin rafuka da garkunan shanu da ake kutsawa da su. Mai gadin da ya ga mota a inda ba a sa ran ganinta ba shi da hanyar sanin ko masu neman dorina ne ko masu leƙen asiri. Aka raka mu ofishinsu, muka shafe rabin yini ana rubuce-rubuce, muka biya abin da aka ɗora mana, aka ba mu rasit. Can ne aka karanta mana ƙa'ida: ana shiga ta ƙofa, da tikiti, da ɗan jagora, ba a kauce wa hanyar da aka shata, ba a yawo da dare. Da la'asar, tare da ɗan jagora, muka isa sansanin Buffle Noir, yaron ya ga dorinarsa tana huci a cikin gurbi, amma ɗokin ya riga ya ragu.

Saura yana jiran mu a Garwa. Mai motar ya zagaya ta, ya shafa inda ƙaya ta yi zane, sa'an nan ya buɗe takardar ya nuna mana layin da ya ce ba a sauka da ita daga kwalta sai da izininsa. Ya cire haƙƙinsa daga jingina, ba mu da ta cewa. Motar haya amana ce, da kuma an riƙe ta a gandu, da abincin iyalin mutumin muka tsayar.

Gandun daji ɗaya ne kawai daga cikin wuraren da direba zai kiyaye a Arewacin Kamaru. A cikin Garwa kanta, kewayen fadar shugaban ƙasa da sansanin sojojin sama da ke manne da filin jirgi ba wurin tsayawa ba ne, balle ɗaukar hoto. Haka madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982, ita ce ke ba yankin wuta, saboda haka a nemi izinin masu tsaronta kafin a matsa kusa. Da damina kuma akwai shingen ruwan sama, wanda ake kira « barrière de pluie », da ake rufe hanyoyin ƙasa da shi har su sha iska, musamman ga manyan motoci, don kada tayoyi su mai da su kwari. Can arewa da Marwa, a hanyar Mora zuwa Kuseri, bayan sace ma'aikatan hanya 'yan Sin guda 10 a Waza a watan Mayu na 2014, an yi shekaru motoci suna bi cikin ayari da rakiyar soja. Mai niyyar bin ta, sai ya tambayi hukuma da direbobin tasha halin da ake ciki a ranar tafiyarsa.

'Ya'yanmu da ke zuwa Turai karatu ko fatauci su lura, wannan allo fari mai jan baki yana can yana jiran su. A biranen Italiya kamar Roma da Filorans da Pisa, shi ne ke tsaye a ƙofar tsohon gari da haruffan ZTL, watau yankin da aka taƙaita zirga-zirga. A can babu mai gadin da zai yi maka sallama: na'urar hoto ce ke ɗaukar lambar mota, kowace shiga da tararta, takardar kuma tana iya iske mutum a gida bayan watanni, kamfanin haya ya ƙara nasa kuɗin aiki a kai. Landan ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar birni a 2003, Paris kuma ta hana ratsa tsakiyarta ba tare da dalili ba daga Nuwamba 2024. Alhazanmu ma sun sani, a kwanakin Hajji mota ba ta shiga Mina da Arafat sai mai izini.

Wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu. Bahaushe yana da kalmar hurumi ga maƙabarta da makiyaya da filin Idi, malamai kuma sun karantar da mu misalin makiyayin da yake kiwo dab da keɓaɓɓen wuri, wanda ba ya daɗewa dabbobinsa ba su faɗa ciki ba. Saboda haka shawarata ga mai hayar mota a ƙasar da ba tasa ba ita ce: a karanta masa yarjejeniya layi-layi da harshen da yake ji, ya koyi allunan ƙasar kafin ya kama sitiyari, ya tambayi mai masaukinsa inda ba a shiga, idan wayarsa da allo suka saɓa, ya bi allo, idan ya yi shakka, ya ajiye mota a waje ya ƙarasa da ƙafa ko ya ɗauki ɗan gari. Matambayi ba ya ɓata.

Yaron ya koma Kano bayan da Tunisiya ta fitar da Nijeriya a ranar 23 ga wata. Har yau idan ya bugo waya, bayan gaisuwa, yakan ce: "Kawu, allon nan dai ba rana ce ta cinye shi ba."

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.