Tukwanen Ladi Kwali a Landan

Da hanya ta biyo da ni Landan, na leƙa gidan Tate Modern, inda aka buɗe baje kolin fasahar zamani ta Najeriya a watan Oktoban 2025. Na shiga ne don zane-zanen Ben Enwonwu da na samarin Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suka ce koyarwar Turawa kaɗai ba ta ishe su ba. Amma a gaban tukwanen Ladi Kwali ƙafata ta kafe.

An saba cewa Baturen Ingila Michael Cardew ne ya fito da ita. To, da wa ya tarar? Ya tarar da gwana wadda tukwanenta sun riga sun shiga fadar Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, kuma a can ya fara ganin aikinta. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Ya koya mata aiki da injin juya yumɓu, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a wuta mai tsanani. Ginin hannu kuwa, da kadangaru da kunamu da kifayen da take tsagawa a jikin tukunya, daga gidansu na Gbagyi ta taho da su.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan: randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafowa. Da aka shafa mata ƙyalli, ƙofofin suka toshe, ta yi nauyi, ta daina aikin randa, ta koma abin kallo. Ta samu daraja a idon duniya, ta bar gindin inuwar tsakar gida. Riba ce, amma ba kyauta aka same ta ba, kuma ina ganin ya kamata a riƙa faɗin duka biyun.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan naira ashirin, tana gina tukunya. Don Allah ku nuna wa yaranku shi, ku gaya musu sunanta.