Rawar da Ladabi ke Riƙe da Ita

Shekaru sun koya mini cewa sai an sakar wa mutum mara ake gane tarbiyyarsa. Wannan darasi ya ƙara zauna mini a zauren rawar fiyushan a Siyatil, birnin da zama ya kawo ni ina da jini a jika, ga shi yau na yi ritaya har da jikoki.

Rawa ce ta mutum biyu, amma babu takun da ake haddacewa. Ta kafu a biranen yammacin Amurka irin su San Faransisko da Fotlan da Siyatil bayan shekarar 2000, lokacin da masu rawar buluz da Lindi Hop da tango suka soma cakuɗa abin da kowa ya iya, suna taka shi da duk kiɗan da aka sa. Iyayenta kuwa sun daɗe a duniya. Lindi Hop ta baƙaƙen fatar Harlem ce, ta girma a zauren Savoy da aka buɗe a 1926. Tango daga Buenos Aires da Montevideo ta fito. Akwai kuma salon da Steve Paxton ya ƙago a 1972, inda mutum biyu ke jingina da juna su bi duk inda nauyin jiki ya kai su.

Mai son farawa ya zo da wuri, domin yawanci akan yi wa sababbi ɗan darasi kafin a rage fitilu. Ya sa takalmi mai santsin ƙasa ko ya taka da safa, saboda na roba yakan kama katako ya murɗa gwiwa. Abin da ake fara koyarwa ba ya burge ɗan kallo. Za ku tsaya ne kawai, hannu cikin hannu, kuna mayar da nauyi daga ƙafar hagu zuwa ta dama, har ki riƙa jin motsin abokiyar rawarki kafin ki gan shi. Duk wadda ta taɓa goyo ta san wannan ji, yadda bayanta ke gaya mata yaro ya yi barci ba tare da ta waiwaya ba. Sauran rawar duk a kan wannan aka ɗora ta.

Tun da babu ƙa'idar taku, tambaya ce ke riƙe da fili. Ba mai taɓa hannunki sai ya nemi izini. In kin amsa, sai a ji ra'ayinki: ke za ki ja, ko za ki bi, ko ku riƙa musanya? Nesa-nesa kike so ko kusa? Jan gaba ba gadon namiji ba ne a nan, shi ya sa ni da mata kaɗai nake rawa, kuma babu wanda ya taɓa neman dalilina. In kin ce a'a, sai a yi miki murmushi a wuce. In waƙa ta ƙare, kowa ya gode wa ɗan'uwansa.

Na lura gwanayen gaske su ne masu ƙarancin motsi. Sabon hannu yakan so ya zazzage duk juyin da ya koya cikin waƙa guda, abokiyarsa na haki bai sani ba. Gwana kuwa tana iya tsayawa cik tare da ke, ta jira kiɗan ya numfasa. Wannan hali na gan shi a wurin aiki, na gan shi a zaman aure: mai ja da ba ya sauraron na bayansa, shi kaɗai yake tafiya.

Tsufa kuma ba uzuri ba ne. Frankie Manning, gwanin Savoy da aka haifa a 1914, ya shafe kusan shekara 30 yana aikin gidan waya, sannan ya dawo koyar da rawa yana da shekara 70 da ɗoriya, bai daina ba sai da ya rasu a 2009. Wanda ya ce sai ya iya zai shiga fili, a kujera zai tsufa.