Kiwon babban babur a ƙasar Adar

Ni mutumin Kalfu ne, manomi, kuma ina taɓa fataucin albasa da bisashe. Tun shekarar 2013 nike da babban babur, irin wanda anka ƙera domin doguwar tahiya. Kowace bazara, in samarinmu sun komo daga Abijan ko Libiya ko Aljeriya da ɗan abin da Allah ya hore musu, sai wasu su zo su kewaye shi, su shafa tanki, su ce mini: "Baba, nawa ake saida irin wanga?" Tambayar ba ta da laihi, amma ba da ita ya kamata a fara ba. Kuɗɗin saye sau guda ake biyansu. Abin tambaya shi ne mi shike ci kowane wata, kuma wa za shi gyara shi ranar da ya kwanta. Domin guminsu na shekara biyu ko uku ne ke cikin aljihunsu, na ga ya dace in ba su amsa a nan, kowa shi ji.

Nawa Yamaha ne, sunanshi Super Ténéré, mai inji 750 da silinda 2. Ƙasar Japan ta fara hiddo shi a 1989. Sunan kuwa namu ne, daga hamadar Tenere ta gabas da Agadas anka ɗauko shi, kuma tseren Paris-Dakar ne sanadi. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, shi ya shirya tseren. Na farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya biyo ta Arlit da Agadas da Yamai, ya isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979, kuma wanda ya ci, Cyril Neveu, bisa Yamaha shike. A ƙarshen shekarun 1980 tseren ya yada zango a Tawa, mu da muke samari lokacin munka tahi kallo, munka ga babura masu tsawon maraƙi sun sha ƙura har ba a gane launinsu. Daga baya Stéphane Peterhansel ya ci tseren sau 6 bisa Yamaha tsakanin 1991 da 1998. Tun 2009 tseren ya bar Afirka, ya koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya. Sunan hamadarmu dai ya zauna bisa tanki, amma ko ƙusa guda ta babur ɗin ba a ƙerawa ƙasarmu, kuma nan ne wahalar mai shi take farawa.

Na hannu na saye shi, bayan ya gama zamaninshi a Turai ya shigo ta jirgin ruwa. Ba zan ɓoye daɗinshi ba. Hanyar godoro da anka shimhiɗa daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970 saboda uraniyom, na bi ta da shi har Agadas, wajen kilometir 400, ban ji bayana ya ƙage ba. Tankinshi na ɗaukar litir 26. Shina da nauyi, saboda haka in babbar mota ta gitta iskarta ba ta ture shi kamar yadda take ture ƙarami. Ƙahonshi na gaba dogo ne, shina haɗiye ramin da ƙaramin babur za shi faɗa ciki. In na ji labarin kuɗɗin albasa ya motsa, sai in yi sallar asuba a gida, in ga Galmi da Ƙonni da idona, in komo kahin magariba. Na kai Abalak cin kasuwar bisashe, na sawo kihi Tabalak ya iso gida bai canza ba, na kai Ingal watan Satumba lokacin taron makiyaya na shan gishiri. Ga wanda abincinshi ke bisa doguwar hanya, wanga amfani ne na gaskiya.

To, ga abin da shike ci. Nawa na shan litir 6 zuwa 7 na isansi a kilometir 100, alhali ƙaramin babur mai inji 125 da ƙyar shike wuce litir 2 da rabi. A watan Yuli 2024 gwamnati ta maida litir guda tamma 499. Ku yi lissahi da kanku: cika tankina sau guda ya kusa jika 13. A da muna samun sauƙi da man kwalba da ke shigowa ta Ƙonni, amma tun da Najeriya ta janye tallahin mai a watan Mayu 2023 wannan arha ta ƙare. Da anka yi ƙarancin mai a watan Maris 2025, mai ƙaramin babur in ya samu litir 2 ya yi harkarshi ta kwana biyu, ni kuwa litir 2 ba su wuce share maƙogwaro ba. Man kwalba kuma, in dole ta sa na saye, sai na tace shi da tsabtataccen ƙyalle, domin ƙasa da ruwa ba su rasa shiga ciki. Juyen baƙin mai ma haka: ƙarami litir 1, nawa wajen litir 4, kuma ba kowane baƙin mai ba.

Babban abokin gabar inji a ƙasarmu ƙura ce. Turawan da sunka rubuta littahin babur ɗin sun ce a duba matacin iska bayan kilometir dubbai, amma ba su san hazon hunturu na Adar ba. Ni kowane mako nike buɗe shi tun daga Disamba har Maris. In matacin ya huje ko bai zamna daidai ba, ƙura za ta shiga ta riƙa cin cikin silinda kamar dutsin niƙa, ba ka ji ba ka gani, sai ranar da babur ya fara hayaƙi shina shan baƙin mai. Sarƙa kuma wata jarraba ce. Mutane na tsammanin yawan mai shi ne gata, sai su yi mata wanka da tsohon baƙin mai. Rairayi na manne ma mai, su haɗu su zama abin wasa wuƙa, su cinye haƙoran faranti cikin wata kaɗan. Ni ina wanke ta da kananzir, in bari ta bushe, in ɗiga mata mai kaɗan, in share abin da ya yi saura. Kuma ba a ɗaure ta tam. Babur mai doguwar ƙafa, in mutum ya zamna bisanshi sarƙar na ƙara miƙewa, don haka da mutum bisa sirdi ake auna ta.

Sai taya. Kowa ya san ƙasarmu: bisa fako dutsi mai kaihi, cikin kwari rairayi, ko'ina kuwa ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Cikin rairayi ina rage iska domin tayar ta shimhiɗu, amma da na hau dutsi sai in tsaya in ƙara, in ba haka ba dutsi shi tsinke robar ciki. Don haka famfo, da ƙarahunan cire taya, da faci, da robar ciki guda ba su barin jikkata. Tayar gaba lamba 21 ce, ta baya 17 mai faɗi. Ka zagaya kasuwar Tawa ranar Lahadi, za ka ga tayun ƙananan babura jibge har bisa rumfa, nawa kuwa sai na yi saƙo Yamai ko Sakkwato ko Kano, in biya kuɗɗi tun ban ga kaya ba.

Batun makaniki shi ne ya hi duka. Ƙaramin babur, kowane gari akwai yaron da za shi warware shi ƙarƙashin bedi shi maida shi kahin la'asar. Wanga kuwa karbireta 2 gare shi da dole su ja iska daidai da juna, ga bawul 10, ga gidan ruwa mai sanyaya inji. Ruwan rijiyarmu bai dace da shi ba, domin shina barin gishiri da ke toshe hanyoyin ciki, sai ruwan da anka yi domin haka. Duk Tawa mutum guda na yarda da shi, wani dattijo da ya daɗe shina gyaran baburan ma'aikatan daji. Shi ba ya sa guduma inda ya kamata a sa hankali, kuma in bai san abu ba sai shi ce bai sani ba. In za shi buɗe inji ina zamne gehenshi, muna jera ƙusoshi bisa tabarma yadda sunka hito. Amma ko shi ba ya iya ƙera abin da ya mutu. Wata shekara abin da ke daidaita wutar batir ya ƙone, na ɗauki hotonshi da salula na aika ma wani ƙanena a Abijan, babur ya yi wata 2 a zaure kaji na kwana ƙarƙashinshi. Tun da anka ruhe iyaka da Benin a 2023 kaya na ƙara daɗewa bisa hanya. Duk tsawon wannan lokaci da kabu-kabu nike zuwa kasuwa, yara na mini dariya.

Akwai kuma abin da ba a biya da kuɗɗi. Babur ɗin da mai cikinshi ya hi kilo 200, wato ya hi buhu 2 na hatsi. In ya kwanta cikin rairayi, mutum guda sai ya yi da gaske kahin shi tada shi, in kuwa ya danne ƙafa ba ka hita sai an zo. Sirdinshi na da tsawo, gajeren mutum da kan yatsu shike taɓa ƙasa. Saboda haka ba ni ba da aronshi, ko ga ɗana. Kun san yadda wannan take a ƙauye. An ce mini marowaci, wani ɗan uwa ya yi wata guda bai gaishe ni ba saboda na hana ɗanshi shi hau shi ranar ɗaukar amarya. Na hi son hushinshi da in je yi mishi ta'aziyya. Yaron da ya saba da inji 125, in ya murɗa wanga yadda ya saba, babur za shi hita ƙarƙashinshi tun bai ɗauke ƙafa ba. Abin da nike yi shi ne, duk wanda lalura ta kama, ko tsakar dare ne, ni da kaina nike kai shi. Na kai wanda kububuwa ta sara gidan likita a Tawa, wani na riƙe da shi daga baya. Mace mai naƙuda kam ba ta iya hawanshi, ita sai amalanke ko mota.

Shina iya gudun da ya wuce 150. Ni ba ni wuce 90, kuma ba ni tahiyar dare in ba ta ciwo ba. Raƙumi ba shi da hitila, jaki in ya tsaya tsakar godoro ba ya jin oda, akuya kuwa sai ta ga ka iso take tuna ɗiyanta na wancan gehe. Hular kwano na da zahi a watan Afrilu, na sani, amma rawani bai taɓa tare dutsi ba.

Ga samarin da ke tambayata, ra'ayina shi ne cikin goma, tara ƙaramin babur ya dace da su. Kuɗɗin babba guda za su sai ƙarami sabo, a samu saura na amalanke ko na tumakin turka, kuma ƙaramin shi ne ke kai taki gona, shi ɗauko jarkar ruwa, shi yi kabu-kabu ranar kasuwa shi ciyar da kanshi. Babba kamar doki shike: da sarakunanmu na da sunka aje dawaki, sun aje su ne da hatsinsu da mai yi musu ciyawa.

Wani abu ya canza tun bayan da na saye shi, kuma dole in faɗe shi. Tun 2017 anka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga bisa babura sunka afka ma garuruwan yankin Tiliya, sunka kashe mutum 137, Allah shi jiƙansu. A Difa an hana hawan babur a 2015, a wasu sassan Tilaberi a 2020. Yau ƙarar babban inji cikin daji ba abin kallo ba ce, abin tsoro ce. Na taɓa isa wata rijiya arewa da mu na tarar mata sun watsar da guga sun ɓoye. Tun daga nan na bar bin hanyoyin daji na arewa maso yamma. In zan tahi nesa sai na tambayi hukuma halin da hanya ke ciki. Parmi, da takardar babur, da ta asiransi, da katin ɗan ƙasa suna cikin leda a ƙirjina. In na hango shingen jandarma ina rage gudu tun daga nesa, in kashe inji, in tuɓe hula su ga huskata. Garin da ba a san ni ba kuwa, a hankali nike shiga, in fara sauka ƙohar maigari in yi gaisuwa.

Da damina babur ɗin hutu shike yi. Ƙoramun Adar in sun kawo ruwa ba su shawara da kowa, ruwan da bai kai gwiwa ba na iya kwashe shi, laka kuma ba ta son nauyi. Daga saukar ruwan shuka har a yanke hatsi shina zaure bisa katako, tayunshi ba su taɓa ƙasa, an luluɓe shi da tsohon bargo, jaki da amalanke su karɓi aiki. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci ina tada shi minti 10 domin batir, in duba ko ɓera ya ci waya. In Allah ya kai mu kaka, tahiyar farko Tabalak ce, da tayar baya sabuwa da na yi saƙonta tun watan Mayu.