Sipadan, Tsibirin da Baƙo Ba Ya Kwana

Daga filin jirgin sama na Tawau zuwa Semporna tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, kuma hagu da dama babu abin da ido ke gani sai gonakin kwakwar manja. Semporna kanta ba ta da wani abin burgewa: tashar jiragen ruwa, kasuwar kifi, masallaci, da bakin gaɓar da leda ta cika. Amma ita ce ƙofar Sipadan, ɗan tsibirin nan na gabashin jihar Sabah ta Malesiya da masu nutso ke tara kuɗi shekara da shekaru don su zo su gani. Abin da ya kawo ni ke nan.

A tsibirin Mabul na sauka, don a Sipadan ba a kwana. Da sassafe kwale-kwale mai inji ya ɗebe mu, bayan an duba sunan kowa a takardar izini. Hukumar Sabah Parks ce ke ba da izinin, kuma a ƙidaye yake. A shekarun farko na wannan tsari mutum 120 kacal ake bari a rana. Muna isa, kafin kifi, sojoji na fara gani a ƙarƙashin rumfa, bindigogi a rataye, suna amsa gaisuwa da fara'a.

Zamansu yana da tarihi. Ranar 23 ga Afrilu, 2000, da dare, 'yan bindigar ƙungiyar Abu Sayyaf suka dira a wani masaukin baƙi na tsibirin, suka kwashe mutum 21 zuwa Jolo a kudancin Filifin. Goma baƙi ne, 'yan Jamus, Faransa, Finland, Afirka ta Kudu da Labanan. Sha ɗaya ma'aikata. Watanni aka yi ana ciniki, har gwamnatin Gaddafi ta Libiya ta shiga tsakani aka riƙa sakin baƙin kashi-kashi. Wani ma'aikaci ɗan Filifin kuwa, da ba shi da ofishin jakadancin da zai ɗaga murya dominsa, sai a 2003 ya kuɓuta. A lokacin harin ma Malesiya da Indunusiya na jayayya kan mallakar tsibirin, har Kotun Duniya ta ba Malesiya shi a Disambar 2002. Zuwa ƙarshen 2004 an umarci duk masaukai su tattara su bar wurin, don kare halittun ruwa.

Halittun kuwa sun cancanci karewa. Sipadan kan wani tsauni ne da ya taso daga ƙasan teku, tsayin kusan mita 600. Taku kaɗan daga rairayi ƙasa take yankewa, mai nutso ya tsinci kansa gefen bangon murjani, a ƙarƙashinsa babu komai sai shuɗi mai duhu. A wurin da ake kira Barracuda Point ɗaruruwan kifayen barakuda suka kewaye mu suna juyawa kamar guguwa, kunkuran ruwa kuma na wucewa ba su ko kula mu ba. Wannan ne ya ɗauki hankalin Bafaranshe Jacques Cousteau a ƙarshen shekarun 1980, ya yi fim a nan, sunan wurin ya bazu.

Wanda ya fito daga ƙasar da garkuwa da mutane da kuɗin fansa suka zama labarin kullum ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Tsibiran Filifin ba su da nisa ga jirgi mai gudu, kuma teku ba ta da shinge. A Fabrairun 2013 mabiyan Jamalul Kiram na Uku, mai iƙirarin sarautar Sulu ta kudancin Filifin, suka shigo Lahad Datu da ke Sabah da makamai. Bayan an fatattake su aka kafa rundunar tsaro ta ESSCOM. Hakan bai hana garkuwa da mutane ba. A Nuwambar shekarar aka kashe wani baƙo ɗan Taiwan a tsibirin Pom Pom, aka tafi da matarsa. A Afrilun 2014 aka sace wata 'yar ƙasar Sin da wata ma'aikaciya a wani masauki kusa da Semporna, a Yuli kuma aka kashe ɗan sanda ɗaya a Mabul ɗin da nake kwana, aka tafi da ɗaya. Daga nan aka hana zirga-zirga a teku daga faɗuwar rana zuwa asuba, aka yi ta sabunta dokar, sannan a 2017 Malesiya, Indunusiya da Filifin suka fara sintirin haɗin gwiwa.

Jagoranmu na nutso bai ɓata lokaci kan wannan ba. Damuwarsa igiyar ruwa ce, da ma'aunin iskar tukunya, da mutumin da zai rabu da abokin nutsonsa don neman hoto. Sai kuma bam. Wasu masunta na cusa takin zamani da mai a kwalba su jefa cikin ruwa, kifi ya taso matacce, murjani ya farfashe. A Yulin 2019 irin wannan bam ya kashe baƙi biyu 'yan Sin da jagoransu a ruwan Semporna. Ba wanda ya nufe su. Sun dai kasance a ƙasa lokacin da kwalbar ta faɗo.

A ganina, tsaron nan an ɗinka shi daidai jikin baƙo ne. A Mabul katanga kawai ta raba ɗakunan masu dala da unguwar bukkoki, inda 'yan ƙabilar Bajau Laut da yawa ke zaune ba su da takardar zama ɗan kowace ƙasa. Da aka tsare masaukai, masu garkuwa suka koma kan ma'aikatan jiragen dakon kaya da masunta, waɗanda dole su fita ruwa ko da tsaro ko babu. A Janairun 2020 an kama masunta biyar 'yan Indunusiya a ruwan Tambisan, kusa da Lahad Datu. Ɗaya ya rasa ransa a hannun masu garkuwar, sauran kuma ba su kuɓuta ba sai a Maris na 2021.