Abin da aikin beli ya koya mini a ƙasar Zuru

Na yi shekaru ina riƙe da rajista a wata ƙaramar kotu a ƙasar Zuru. Da yawa daga cikin masu zuwa gabana mutanen Ribah ne, hedkwatar Danko/Wasagu, da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ni ba alƙali ba ne, ba kuma lauya ba, aikina takarda. Sai da aka tura mu bita a kan dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka bi sahunta suka yi tasu, na gane cewa kwanakin da mutum zai yi a tsare sau da yawa a hannun irinmu suke.

1. Mai jiran shari'a ba mai laifi ba ne. Kowa ya san wannan a baki, amma a hirar ofis "masu laifi" muke ce musu duka. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Duk da haka, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba.

2. A auna sharaɗin beli da mai shi. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Mun gaji wata al'ada ta rubuta cewa mai tsaya wa mutum ya zama babban ma'aikacin gwamnati, ko mai takardar mallakar fili. To manomin dawa daga bayan Ribah ina ya san babban ma'aikaci? Gonarsa ta gado ce, shaidarta kukar da ke kan iyaka da dattawan gari. Na tuna wani dattijo da aka ba ɗansa beli a kan rikicin ɓarnar gona. Ya zo da mai unguwarsu, ƙafafunsu duk jar ƙura, hularsa a hannu. Ya ce mini, "Malam, ga wanda ya san mu tun kakanni." Takardar da ke gabana ba ta san mai unguwa ba. Suka koma, yaron ya ci gaba da kwana a tsare, damina tana wucewa, gona ba noma. A wurin bita aka nuna mana cewa dokar ta hana tsauwala sharaɗi, kuma ana iya komawa gaban alƙali a nemi sassauci. Belin da ba a iya cikawa da hana beli duk ɗaya ne. Tun daga nan, idan na ga sharaɗi ya gagari iyali, nakan gaya musu a fili cewa suna da damar roƙon a sauƙaƙa, in kuma sanar da alƙali halin da ake ciki.

3. Mace tana tsaya wa mutum. An sha mayar da iyaye mata daga bakin ƙofa da cewa su je su zo da namiji. Sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce. Wata uwa ta taɓa kwance gefen zanenta a gabana, ta fito da katin zaɓe a naɗe cikin leda, ta ce, "Ɗana, ni na haife shi, ni zan kawo shi." Duk ranar zama ita ke fara isowa, yaron na biye da ita.

4. Takardar tsarewa tana da wa'adi. A manyan laifukan da ƙaramar kotu ba ta da hurumin ji, akan tsare mutum a jira shawarar ma'aikatar shari'a daga Birnin Kebbi. Nan ne mutane ke ɓacewa cikin fayil. Dokar 2015 ta sa wa tsarewar farko iyakar kwana 14, kuma ba a ƙarawa sai an kawo dalili gaban kotu. Ta kuma ɗora wa majistare ziyartar caji ofis kowane wata ya duba na bayan kanta. Ba mugunta ce ke tsayar da yawancin fayil ba, mantuwa ce da yawan aiki, ga hanya ba tsaro, ga rashin motar kawo mutum kotu. Abin da na ɗauko shi ne littafi na daban: suna, ranar tsarewa, ranar cikar wa'adi. Kowace Litinin da shi nake fara aiki.

5. Gyaɗa kai ba fahimta ba ce. Wanda harshensa C'lela ne ko Fulatanci yakan amsa da "to" don kunya ko tsoro, ya tafi bai san ranar dawowa ba, sai a ce ya tsere. Tsarin mulki ya ba shi tafinta kyauta. Kafin ya fita, a sa ya maimaita ranar da bakinsa.

6. Bita ta sauko ƙasa. Akwai cibiyar horar da alƙalai da ma'aikatan kotu a Abuja, akwai kwalejin horar da gandirobobi a Birnin Kebbi, amma gayyata ba kasafai take isowa ga ɗan sandan kanta, da mai kai sammaci, da magatakardan ƙauye ba, alhali su talaka ke fara gani. An rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne. Wanda ke zaune ƙarƙashin rubutun shi ya fi buƙatar a zauna da shi. Da za a tambaye ni, sai in ce a tara mu a ɗaki ɗaya a Ribah ko Zuru, ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da magatakarda da gandiroba, tare da lauyan Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, a yi bayani da Hausa, a buɗe fayil na gaske a bi shi tun daga ranar kamu, a ga teburin da ya fi daɗewa a kai.