Tsirkiya Shida a Ƙetaren Bata

Duk wanda ya tashi a Fagge ya san Bata tun kafin ya san inda sunan ya samo asali. Sai da na shiga jami'a na ji cewa sunan kamfanin takalma ne, wanda wani mutumin ƙasar Cek ya kafa a 1894, kuma kantinsa ne ya bar wa mahaɗar suna. Mu yara kuwa, abu biyu muka sani game da Bata: can ake sayo kaset, kuma ba a ƙetare ta bayan magariba. Wannan ɓangaren gida ne. Wancan ɓangaren Sabon Gari ce, wadda iyayenmu mata ba sa ambata sai sun sassauta murya.

Wani daren Asabar cikin hunturun da ya wuce na ƙetare ta da niyya. Wani abokin aikina, ɗan kudancin Kaduna, ya gaya mini cewa tsofaffin makaɗan unguwar sun shirya dare guda domin tunawa da gwanayen jita na kiɗan rok, irin na shekarun 1960 da 1970. A Turai da Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta: ƙungiya ta ɗauki wasu mawaƙa da suka mutu ko suka watse, ta haddace kiɗansu, ta riƙa kaɗa shi a gaban masoyansu yadda yake a faifai. Na amsa gayyatar da ɗan raini a zuciyata. Me za a gani a wurin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kwaikwayon wani?

Amma akwai abin da ban gaya wa abokin nawa ba. Da mahaifina ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa, an buɗe wata tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe. Ƙarƙashin takardun masaƙar da ya yi wa aiki a Bompai muka tarar da kaset kusan talatin. Akwai na Shata da Ɗanƙwairo, waɗanda ba su ba kowa mamaki ba. Akwai kuma na Dire Straits, da Santana, da Bala Miller, kowanne da sunansa a rubuce da biro cikin rubutun Baba mai karkata. Ban taɓa jin ya kunna ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mutumin da na sani dattijo ne na sahun farko a masallaci, mai rediyo a kunne don labarai kawai. Saurayin da ya sayi kasusuwan nan ban taɓa haɗuwa da shi ba, kuma shi na tafi nema.

Wurin farfajiyar wani tsohon otal ne, da kujerun roba da ƙwayayen lantarki masu launi a rataye jikin bishiya. Mutanen ba su kai ɗari ba, yawancinsu sun ba hamsin baya. Na sami kujera a can kusurwa na sa aka kawo mini lemo, ina ta waige-waige kada wani ɗan unguwarmu ya gan ni. Can na hango wasu dattawa biyu da hula zanna a wata kusurwar, su ma suna irin waige-waigen da nake yi. Muka haɗa ido, kowa ya kau da kai.

Makaɗan su biyar ne: mai jerin ganguna, mai fiyano, mai jita mai kaurin murya, mai waƙa, sai jagoransu, wani siririn tsoho mai furfura da jita ja wadda fentinta ya goge a inda hannu ke gogarta. Da kiɗan Jimi Hendrix suka buɗe.

Ga wanda bai saba ba, jitar lantarki icce ne daskararre, ba ta da ƙoƙon da ke amsa sauti irin na gurmi ko garaya. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta girgiza, sai girgizar ta zama ɗan ƙaramin lantarki, ya bi waya zuwa na'urar ƙara sauti. In aka ɗora wa na'urar abin da ya fi ƙarfinta, sautin yakan dishe ya yi gurnani. Injiniyoyin farko lahani suka ɗauke shi. Makaɗan rok suka mai da lahanin nan murya, kuma babu wanda ya kai Hendrix a wannan fage. Bahago ne, yakan juya jitar 'yan dama ya sake jera tsirkiyoyinta, ya kuma rasu a Landan a 1970 yana ɗan shekara 27, bayan shekara huɗu kacal da shahara.

Duk wannan na san shi a karatu. Abin da ban sani ba shi ne yadda abin yake in mutum na tsaye taku goma daga gabanka yana yi. Tsohon nan ya danne tsirkiya, ya tura ta sama da yatsa, sautin ya miƙe ya lanƙwasa kamar guɗar da aka ja ta yi tsawo, ya riƙe shi a nan yana kaɗa yatsan har na ji numfashina ya tsaya tare da shi. Ina ganin jijiyoyin hannunsa. Ina ganin cewa zai iya kuskurewa. A faifai babu wannan fargabar, domin abin da zai faru ya riga ya faru.

Da suka shiga "Sultans of Swing" ta Dire Straits, wadda ta fito a 1978, sai na ga wani abu da ya gyara mini tunani. Waƙar tana ƙarewa ne da doguwar gudun jita da Mark Knopfler ya yi da yatsunsa tsirara, kuma mutanen farfajiyar nan sun san kowace gaɓa tata. Wani mai ƙaton tumbi a gabana yana bin ta da baki. A wani wuri tsohon ya ɗan sauya hanya, nan take aka yi masa ihun wasa daga baya, ya yi murmushi ya koma kan turba.

A nan ne na ga bambancinmu da su. A wajen makaɗan Hausa na da, waƙa ba ta da siffa guda. Masu sauraron Shata sun san cewa Bakandamiyar da ya yi a wannan gari ba ita ce daidai wadda zai yi a wancan ba. Amshi ne ke zaune, baitoci kuwa suna shiga suna fita gwargwadon wanda ke wurin. Kiɗan rok kuwa a faifai ya girma, faifai kuma ba ya sauya magana. Saboda haka mai kaɗa shi don tunawa ya fi kama da marubutan da ke kwafe littafi da hannu a cikin birni: ba shi ya wallafa ba, ba a kuma yarda ya ƙara ko ya rage ba, amma babu mai hankalin da zai kalli shafin da ya cika da alƙalami ya ce ba gwani ba ne. Kuma in aka rasa masu kwafewa, littafin na nan, hannun ne ya tafi.

Akwai wani abin dariya mai ɗan ɗaci a zaɓen waƙar. Knopfler ya ce ya rubuta ta ne bayan ya shiga wata mashaya a kudancin Landan ya tarar da wasu makaɗa suna ta zuba gwaninta a gaban kujeru kusan babu kowa. Ga ta an kawo ta Sabon Gari, ana kaɗa ta a gaban kujerun da rabinsu babu kowa.

Ana tsakiyar wani kiɗa na Santana aka ɗauke wuta. Fitilu suka mutu, lasifikoki suka yi tsit, wani ya ruga wajen janareta. Mai ganguna bai tsaya ba, tsohon ma bai tsaya ba. Cikin duhun nan, da yake ina kusa, na ji abin da jitar lantarki take in an raba ta da lantarki: wani siririn sauti, ƙyas-ƙyas, mai kama da kuntigin Ɗan Maraya in an jiyo shi daga nesa. Duk gurnanin nan da rugugin, a ƙarƙashinsa yatsa ne da tsirkiya. Minti biyu ko uku aka yi haka kafin injin ya tashi, kuma su ne suka fi zauna mini a rai.

Da aka tafi hutu na je na gaishe shi, na fara da Turanci. Ya dube ni ya amsa da Hausar da ta fi tawa Kananci.

"Baba, a ina ka koyi wannan abu?"

"A nan, ɗana. Ina kuma? A titin nan na baya aka haife ni."

Ya ce yana yaro aka gudu da shi Gabas a 1966, suka dawo bayan yaƙi ya ƙare, ya tarar kowane otal na unguwar da ƙungiyar makaɗansa. Da kunne ya koya: a sa faifai, a ɗaga allura, a mayar, a sake, har faifan ya gaji. Zamanin da yake magana a kai ba ƙaramin zamani ba ne. Bayan 1970 samarin Nijeriya sun rungumi jita da gaske. An yi BLO da Ofege a Legas, an yi Funkees a Gabas, har Paul McCartney ya zo Legas a 1973 ya naɗi faifan "Band on the Run". Sabon Gari, wadda Turawa suka keɓe wa baƙi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta samu rabonta na wannan guguwa, kuma samarin Fagge da na cikin gari suna tsallakowa su sha kallo.

Na tambaye shi ko yana da almajirai. Ya yi dariya. Ya ce ɗansa ma da kwamfuta yake haɗa kiɗa, kuma yana samun abin da shi bai taɓa samu ba. Yaran da ke taɓa jita yanzu a coci suke koyo, su ma da sun iya abin da zai raka waƙar ranar Lahadi sai su tsaya.

Wannan magana ta fi damuna fiye da yadda na zata, domin labarin namu ɓangaren ne ma. Bata ɗin da na ƙetaro ita ce a da cibiyar kasuwar kaset ɗin finafinan Hausa bayan fitowar "Turmin Danya" a 1990, kuma waƙoƙin da suka cika waɗannan kasusuwa a kan fiyanon Yamaha aka yi su: mutum ɗaya, na'ura ɗaya, ta yi kalangu ta yi sarewa ta yi goge. Ba na cikin masu zagin wannan kiɗa. Da shi na girma, ya ciyar da dubban gidaje, ya kuma buɗe ƙofa ga yaran da ba su gaji kiɗa ba, waɗanda da can ba su isa su taɓa ganga ba. Sai dai ya zo da tsadarsa. Yau za ka je biki goma a Kano ba ka ga hannu a kan tsirkiya ba. Mawaƙi na riƙe da makirufo yana bin muryarsa da aka naɗa. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma na fi ganin masu tura waƙoƙinsu a waya fiye da masu zama su koyi abin da suka iya.

Ba dole ne abin ya tafi haka ba, kuma hujjar tana maƙwabta. A Nijar, samarin Abzinawa sun ɗauki wannan jita ɗin, suka yi irin kwaikwayon da na raina, suka wuce shi. Bombino na Agadas ya sha faɗin cewa da kallon bidiyon Hendrix da Knopfler ya koyi hannu. Mdou Moctar, shi ma bahago, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008. Yanzu manyan dandamalin Turai da Amurka suke cikawa da kiɗan da babu mai ce masa na aro. Sai da aka yi masu kwafewa kafin a sami masu ƙirƙira. Mu a Kano mun sami masu kwafewar, ga ɗaya nan a gabana yana shan ruwan leda, amma muka bar su a ƙetaren titi.

Kafin ya koma dandamali na gaya masa labarin akwatin Baba. Ya tambayi sunansa da masaƙar da ya yi aiki. Na faɗa. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya girgiza kai.

"Ban tuna shi ba. Suna da yawa, 'yan masaƙa. Ranar albashi sukan zo da kekunansu, su jingine a bangon can, su zauna a baya. Ba sa rawa. Amma su ne ba sa tashi sai mun naɗe waya."

Na duba bangon. Babura ne a jere yanzu.

Ban jira ƙarshe ba, saboda abin hawa na wuya in dare ya yi. A bakin ƙofa na ci karo da ɗaya daga cikin dattawan nan masu zanna, yana gyara babbar rigarsa. Wannan karon bai kau da kai ba.

"Samari, Fagge ka nufa?"

"Eh, Alhaji."

"To mu je, na rage maka hanya."

Muka bi ta ƙarƙashin gadar sama, rumfunan Bata duk a rufe. Bai tambaye ni ɗan gidan wa ne ba, ni ma ban tambaye shi ba. Yatsunsa na dama suna ta bugun sitiyari, suna bin ƙarshen waƙar Knopfler, har muka iso kwanar gidanmu.