Wanda Zuciyarsa Ta Riga Ta Saya Ba Ya Iya Ciniki

Na tsufa a sana'ar sayar da motoci, daga Kaduna zuwa Kano, tun ina yaron shago mai goge gilashi har na kai matsayin da ake jira in ce "na sallama". Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, samari kan same ni su tambayi yadda za su sayi sabuwar mota ba tare da an cuce su ba. Da yawansu motar gudu suke so, irin mai ƙofa biyu, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, mai ruri idan aka taka totur. Abin da nake gaya musu shi ne, farashin mota yakan yanku tun kafin mai saye ya taka ƙofar shago. Abin da ya sani da kuma iyakar haƙurinsa su ne suke yanke shi.

Zamanin da muka fara, kusan babu ciniki a kan sabuwar mota. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, kuma a shekarar ne ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin da ake kira kuɗin Udoji. Kuɗi suka yi yawa a hannu, motoci suka yi kaɗan. Mutum yakan ba da sunansa ya jira layi ya zo kansa kafin ya sami 504, ga kuma dokar ƙayyade farashi ta 1977 da ta sa motoci cikin kayan da hukuma ke yanka wa kuɗi. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai 'yan Kwatano, wato motocin hannu da ake kira Beljiyam, suka cika gari. A nan mutanenmu suka ƙware a cinikin mota ta hannu: a buɗe inji, a leƙa ƙasa, a ƙwanƙwasa jiki a ji ko an yi ciko. Amma da zarar an shiga shagon gilashi mai sanyi, an ga mota a leda, sai ƙwarewar ta gudu. Mutumin da zai yini yana ja-in-ja a kan ragon layya, sai ka ga ya ji nauyin neman ragi a kan motar miliyoyi, wai kada a raina shi. Masu shago sun san wannan kunya sarai, kuma daga gare ta riba mai tsoka take fitowa.

Motar gudu ta fi kowace mota saurin tona asirin mai saye. Wanda ya zo sayen bas ko a-kori-kura, lissafi ne ya kawo shi: nawa za ta sha mai, yaushe za ta mayar da kuɗinta. Wanda ya zo wajen Ford Mustang ko Porsche 911 kuwa, sha'awa ce ta kawo shi, ita kuma sha'awa ba ta ɓoyuwa. Ana ganinta a yadda yake shafa sitiyari, da yadda yake ɗaukar hoto tun bai ji kuɗi ba, da tambayarsa ta farko: "Yau zan iya tafiya da ita?" Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan ya san ba sai ya rage ko sisi ba. Ban ce sha'awa laifi ce ba. Wanda Allah ya hore wa, ya sauke haƙƙin iyali da na zakka, yana da damar hawan abin da ransa yake so. Sai dai ranar ciniki ya tafi da wani babba mai sanyin zuciya, wanda motar ba ta shiga ransa ba.

Ga abin da mai shago ya sani, wanda ya kamata kai ma ka sani. Kamfani yakan ba wakilinsa mota a ƙasa da farashin da ya ce a sayar, tazarar da ke tsakani kuwa ita ce filin ciniki. Kamfanoni da yawa kuma sukan ba wakili lada idan ya cika adadin da aka ɗora masa a wata ko a wata uku, shi ya sa ƙarshen wata ya fi farkonsa sauƙin sallamawa. Motar da ta daɗe a shago kuɗi ne a kwance, sau da yawa ma na banki ne da ake biya wa ruwa. Idan samfurin sabuwar shekara ya iso, ta bara takan zame wa mai shago kaya ko da ba a taɓa tuƙa ta ba. A Amurka tun 1958 doka ta tilasta a manna takarda a gilashin kowace sabuwar mota, a rubuta farashin kamfani da na duk wani ƙari da kamfanin ya yi mata. A nan ba a saba ganin irin wannan takarda ba, amma waya ta rage wahala. Shafin kamfani a intanet zai nuna maka kuɗin motar a ƙasar da aka ƙera ta; ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, ka lissafa da canjin dala na ranar, za ka san kusa da inda gaskiya take.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, farashin da aka faɗa maka da safe yana iya canjawa kafin la'asar. Don haka kada ka yarda da maganar baki. A rubuta maka kuɗin, a rubuta ranar da alkawarin zai ƙare. Tambayarka ta zama guda: "Nawa zan biya gaba ɗaya, har in fita da ita daga ƙofar nan?" A ciki a bayyana harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, da rajista da lamba da kuɗin kawowa. Ka duba ƙananan abubuwan da ake liƙa wa mota a ƙarshe, irin su na'urar bin sawu, da baƙin gilashi, da man kare fenti, domin abin da aka rage maka a gaba sau da yawa ta nan ake mayar da shi. Idan da tsohuwar motarka za ka yi musaya, ka gama cinikin sabuwar tukuna, sannan a taya tsohuwar, don kada a rage maka a nan a danne ka a can. Idan aka ce maka, "Nawa za ka iya biya a wata?" ka mayar da magana kan jimilla. Ko ta hanyar murabaha za ka saya, irin wadda bankin Jaiz yake yi tun da ya fara aiki a 2012, inda banki zai sayi motar ya sayar maka da riba sananniya, ka tsaya a yi cinikin da kyau, domin a kan wannan kuɗin za a ɗora ribar.

Wanda ya fi burge ni a ciniki wani attajiri ne na Kantin Kwari da ya kawo ɗansa sayen wata jar mota mai ƙofa biyu. Yaron tun daga ƙofa idonsa ya kafe a kanta. Uban ko kallonta bai yi ba. Ya zauna, muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce, "Malam, nawa kuka yi mata?" Na faɗa. Ya zaro takardu daga aljihu, ya nuna mini abin da wani shago a Abuja da wani a Legas suka rubuta masa, sannan ya taya. Na ce, "Albarka, Alhaji." Ya ƙara kaɗan, ya ce nan ƙarfinsa ya tsaya. Na ce sai na tuntuɓi maigida. Ya ce, "Tuntuɓe shi a tsanake, ga lambata." Ya miƙe. Yaron ya ce, "Baba, wani fa zai saye ta." Ya ce, "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Suka tafi. Wata ya zo ƙarshe motar tana nan, mu muka kira shi. Mun ci riba, ko da ba wadda muka so ba ce, shi kuma daga baya ya riƙa turo mana abokansa. Bai ɗaga murya ba, bai kushe motar ba, bai yi ƙarya ba. Ya zo da sani, ya kuma iya tashi ya tafi.

Wannan ne ya kawo ni kan adalci, domin shi ma mai sayarwa yana da haƙƙi. Yana biyan haya da albashi da man janareta, ya kuma zuba jari yana jira. Farashin adalci shi ne wanda mai saye bai ji an zalunce shi ba, mai sayarwa kuma bai faɗi ba. Wanda ya ƙago cewa wani shago ya ba shi a rabin kuɗi, ko ya laƙaba wa mota aibin da ba ta da shi, girmansa ya zubar, kuma ɗan kasuwa yakan gane. Malamanmu sun karantar da mu cewa haramun ne a ɓoye aibin kaya, haramun ne a sa wani ya yi tayin ƙarya don a tayar da farashi, kuma ba a shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla. Idan akwai dillali a tsakani, a san la'adarsa tun farko, a san wanda zai biya ta. Idan za a ba da kafin alƙalami, a rubuta ko ana mayarwa idan ciniki ya warware. Rigingimun da na gani a wannan sana'a, yawancinsu daga abin da aka bari a baki suka taso.

Kada kuma ka manta cewa kuɗin saye somin-taɓi ne. Mustang GT injinta mai silinda 8 ne, lita 5.0, mai shan mai sosai, ga shi an cire tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023. Inshora mai cikakkiyar kariya ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar mota a shekara. Tayoyin irin waɗannan motoci sirara ne, rami ɗaya a hanyar Zariya yana iya cinye taya da gargarenta. Kayan gyaran da za ka samu na Toyota a kasuwar Ƙofar Ruwa cikin minti kaɗan, na Porsche sai an yi odarsa daga waje. Ka tambaya ko shagon wakilin kamfani ne na haƙiƙa, da garantin da zai yi aiki a ƙasar nan, ko kuwa ɗan kasuwa ne da ya shigo da ita da kansa. Ka gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da abin da ke cikin takardun kwastan. Wani lokaci sabis na kyauta ko ƙarin garanti ya fi maka ragin kuɗi amfani, kuma mai shago ya fi saurin yarda da shi.

'Ya'yana, ku yanke abin da za ku iya biya tun kuna gida, ku rubuta shi, kada ƙamshin sabuwar kujera ya sa ku ƙetare shi. Ku taya ba tare da kunya ba, ku bar wa mai kaya ribarsa ta halal, idan ba a daidaita ba ku yi sallama cikin mutunci ku tafi. Allah ya sa albarka a abin da kuka saya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe.